Corel, Adobe ko ta kyauta: wace manhaja ce za ta riƙe maka ƙ, Ajami da rubutun Rasha?

Duk mai zana kati ko fosta a Kaduna ya san ɗan akwatin nan. Ka rubuta «Ɗaurin Aure» da fon mai kyau, sai harafin farko ya yi ɓatan dabo, wani akwati fanko ya zauna a gurbinsa. Ko ka kwafo Bisimilla daga WhatsApp ka liƙa, haruffan su warwatse, kowane ya tsaya shi kaɗai, jimlar kuma ta juya ta fara daga hagu. Ko a kawo maka rubutun wani ɗalibi da ya yi karatu a Rasha, ka buɗe ka tarar da Ïðèâåò a inda ya kamata ka ga Привет. A ido, ukun nan ciwo ɗaya ne, shi ya sa maganin da ake ba juna a shagunan Ahmadu Bello Way da Tudun Wada shi ma ɗaya ne: canza manhaja. Wannan ya ce Corel ba ta iya Larabci, wancan ya ce sai Adobe, ɗan yaron shago ya ce shi a Canva bai taɓa ganin matsala ba.

Kafin ka kashe kuɗi ko ka ɓata watanni kana koyon sabuwar manhaja, ka sani biyu daga cikin matsalolin nan uku ba ruwansu da manhajar da kake zane da ita. Ta ukun ce kawai, wato Larabci da Ajami, ke tilasta maka yin zaɓi. A kanta ya kamata ka auna Corel da Adobe da sauran.

Rubutu a kwamfuta yana bi ta hannu uku. Kibod yana aika lamba, domin kowane harafi yana da lambarsa a tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991. Fon yana ba da siffar da ke kan wannan lamba. Manhaja kuma tana jera siffofin, ta haɗa masu haɗuwa, ta ɗora wasali a inda ya dace. Fon dai shi ne magajin akwatin haruffan dalma da ake tsara jarida da su a zamanin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939: in babu ɗ a cikin akwatin, duk gwanintar mai tsarawa ba za ta haifo shi ba. Don haka in ka ga akwati fanko, laifin fon ne. In ka ga tarkacen haruffa irin Ïðèâåò ko Æ™asa a madadin ƙasa, lambar ce aka karanta da tsarin da ba nata ba. In haruffan suna nan lafiya amma sun ƙi haɗuwa ko sun juya, to sai a tuhumi manhaja. In kuwa alamar tambaya ce zalla a jere, rubutun ya riga ya mutu tun a hanya, babu manhajar da za ta tashe shi, sai ka koma wurin mai aikin ya ba ka na asali.

Haruffanmu masu ƙugiya

Akwai wani abu da ke ɗaure wa mutane kai: fon ya nuna ƙ lafiya lau, amma ya kasa ɗ. Dalilin yana cikin yadda Unicode ta raba su. Ƙ da ƙ, da manyan Ɗ da Ɓ, da Ƴ da ƴ da ’yan’uwanmu na Nijar ke amfani da su, duk suna rukuni ɗaya na ƙarin haruffan boko. Amma ƙananan ɗ da ɓ, masu lamba 0257 da 0253, suna can cikin rukunin alamomin masana furuci. Mai ƙera fon a Turai yana iya cike rukunin farko ya tsallake na biyu, don a ganinsa na masu bincike ne. Mu kuma ba ma iya rubuta «ɗaya» ko «ɓera» sai da su. Shi ya sa gwajin fon ba ya cika da harafi ɗaya. Ka rubuta Ƙƙ Ɗɗ Ɓɓ ₦ a layi guda, ka gwada shi a siriri da mai kauri da mai karkata, domin sau da yawa siririn yana da su, mai kaurin ba shi da su.

Arial da Times New Roman da Segoe UI da ke zuwa da Windows na yanzu suna da su duka. Haka Noto Sans da Noto Serif na Google, da Charis, Gentium da Andika na cibiyar SIL, kuma duk waɗannan biyar ɗin kyauta ne. Inda ake shan wahala shi ne fon ɗin kwalliya, masu lanƙwashe-lanƙwashen katin biki. Yawancinsu haruffan Ingilishi kaɗai suka sani. A nan babu bambanci tsakanin Corel da Illustrator da Affinity, duk za su kasa. In kalma biyu ce a kan kati, ka mayar da rubutun zane, ka ɗauki lanƙwasar f ko ta r daga fon ɗin nan ɗin, ka dasa wa k da d ƙugiya da hannunka. In littafi ne, ka haƙura da fon ɗin.

Sai tsohon gadon da muke ɗauke da shi. Kafin Unicode ta wadata, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun ƙera fon na musamman don Hausa ta samu ƙugiyoyinta a kwamfuta, kuma sun yi wa harshen hidimar da ba za a manta ba. Dabarar wancan lokaci ita ce a ari gurbin wani maɓalli a zana harafin Hausa a kai. Wasu fon sun ari q da x da v, wasu sun ari alamomi irin } da ] da ~. Muddin fon ɗin yana kan kwamfutar, komai daidai. Ranar da fayil ya je wata kwamfutar, sai ka ga «qasa» da «xaya», ko «}asa» da «ha~aka». Har yau marubuta suna kawo littattafai a haka. Shawarata, kada ka ɗora sabon aiki a kan wannan tsari. Ka buɗe rubutun a Word, ka yi amfani da wurin nema da musanyawa, ka mayar da kowace alama harafinta na ainihi, manya daban ƙanana daban. Ka dai lura da kalmomin Ingilishi da sunayen ƙasashen waje da ke ciki, kada v ɗinsu ya koma ɓ.

Rubutun Rasha ya fi sauƙi fiye da yadda yake ba da tsoro

Aikin Sirilik, wato rubutun Rasha da Yukren, ba kullum yake zuwa ba, amma yana zuwa. Akwai likitoci da injiniyoyinmu da suka yi karatu a Rasha da Yukren, akwai ɗaliban da yaƙi ya koro gida a 2022, akwai masu fassarar takardu da ke son sunan makaranta ya fito da rubutunsa na asali a gefen fassarar. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne Sirilik daga hagu yake tafiya kamar boko, kuma haruffansa ba sa haɗuwa. Kowace manhaja ta wannan zamani tana iya shi. Ko CorelDRAW ta karɓi Unicode tun fitowa ta 12 a 2004.

Matsalolinsa na gado ne. Kafin Unicode, ana ajiye rubutun Rasha da tsare-tsare irin Windows-1251 da KOI8-R, inda harafin Rasha ke zaune a lambar da Yammacin Turai suka ba haruffansu masu alama a ka. Shi ya sa П ke fitowa Ï. Gyaran ba a Corel yake ba. Ka buɗe fayil ɗin a Notepad++, ka gaya masa tsarin Windows-1251 ne, in rubutun ya miƙe sai ka mayar da shi UTF-8, wato tsarin Unicode, ka kwafa. Akwai kuma tsofaffin fon na Sirilik da aka yi da irin dabarar aro da muka yi wa Hausa, da wasu na tsarin Type 1 da Adobe ta daina karɓa tun Janairun 2023. In tsohon fayil ya zo da irinsu, sauya fon ɗin ya fi neman sa. PT Sans da PT Serif, da kamfanin ParaType na Rasha ya fitar kyauta, zaɓi ne mai kyau. In kuma shafi ɗaya zai ɗauki Hausa da Rashanci, Noto ko Charis ko Gentium za su riƙe duka biyun da kama ɗaya.

Abubuwa uku nake so mai zane ya kiyaye a nan. Haruffan Rasha 33 ne, na Yukren ma 33, amma ba iri ɗaya ba ne: Yukren tana da і, ї, є da ґ da babu su a Rashanci, kuma akwai fon da ke da na Rasha kaɗai. Na biyu, kada ka ga Р da Н da С da В sun yi kama da na boko ka buga su da kibod ɗin Ingilishi. Р ɗinsu r ne, Н kuma n, С s ne, В kuma sautin v. A takarda ƙila ka tsira, amma a PDF babu mai iya neman kalmar, kuma in aka sauya fon sai bambancin ya fito fili. Na uku, in ka karkatar da rubutun, т yakan koma kamar m, и ya koma kamar u. Ba kuskure ba ne, haka suke rubutawa, kada ka «gyara».

Inda zaɓin yake: Larabci da Ajami

A garin nan aikin Larabci ba ya yankewa. Katin walimar sauka, shahadar Islamiyya, kalandar Ramadan, allon masallaci, littafin addu’o’i, ƙasidun Ajami irin waɗanda ake adana rubutattunsu a Gidan Arewa. Ko takardun naira 200 da 500 da 1000 da ke aljihunka Ajami ne a jikinsu. Wannan rubutu yana neman abubuwa da yawa a wurin manhaja. Yana tafiya daga dama, amma lambobin cikinsa daga hagu ake karanta su. Harafi ɗaya yana iya ɗaukar siffa huɗu gwargwadon inda ya faɗo. Haruffa shida, ا د ذ ر ز و, ba sa haɗuwa da na bayansu. Lam da alif suna narkewa su zama siffa ɗaya. Ga wasulla da ɗauri da ƙarfi da dole kowane ya zauna daidai kan harafinsa, wani lokaci biyu a kan juna.

CorelDRAW ita ce sarauniyar maɗaba’unmu, kuma ba a banza ba. A shafi ɗaya za ka yi kati, ka yi bana, ka jera aiki a kan fileti, kuma duk shagon da ka kai fayil ɗin zai buɗe shi. Sunan da ta yi na rashin iya Larabci daga tsofaffin fitowa ya samo asali. Da yawa har yanzu suna kan X3 ta 2006 saboda ba ta da nauyi a tsohuwar kwamfuta. A X6 ta 2012 ne kamfanin ya kawo cikakken goyon bayan tsarin fon na OpenType da rubuce-rubuce masu sarƙaƙiya irin na Gabas ta Tsakiya. Daga nan zuwa sama, in ka juya alƙiblar sakin layi zuwa dama kuma fon ɗin na kirki ne, layi biyu ko uku na Larabci za su fito daidai. Inda nake ɗari-ɗari da ita shi ne dogon rubutu mai cike da wasulla, da jimlar da ta cakuɗa Larabci da boko da lambar waya. A irin wannan sai ka zuba ido kan aya da waƙafi da baka, don sukan yi tsalle su koma ɗaya ƙarshen layin. Sai kuma al’adar nan ta «sauke min shi zuwa 13», wato X3, da masu buga aiki ke nema. Rubutun Larabci mai rai da aka sauke zuwa tsohuwar fitowa ba abin dogaro ba ne.

InDesign ta Adobe ita ce ta fi kowa a littafi, ban ga abin musu a nan ba. Amma yadda aka saba girka ta, ba za ka ga kayan aikin Larabcin ba. Sai ka shiga manhajar Creative Cloud, ka sauya harshen girkawa zuwa Ingilishin da ke goyon bayan Larabci, sannan ka girka. A nan ne za ka samu alƙiblar sakin layi, da littafin da ake buɗewa daga dama, da zaɓin lambobi ١٢٣ ko 123, da jan harafi don layi ya cika, da matsar da wasali sama ko ƙasa in ya hau kan harafi. Dole kuma sakin layin ya kasance a kan mai tsara layi da ake kira World-Ready Composer, in ba haka ba haruffan za su rabu ko da fon ɗin lafiyayye ne. Tana kuma da mai binciken aiki kafin ɗab’i da za a iya saita shi ya tona duk harafin da babu shi a fon. Ga mai tsara littafi mai shafi ɗari biyu, wannan kaɗai ya isa dalili. Illustrator ma tana da irin wannan mai tsara layi na Gabas ta Tsakiya, Photoshop kuma ta haɗe injin rubutunta wuri ɗaya tun fitowar ƙarshen 2021, sai dai ba wurin dogon rubutu ba ce.

Nauyin Adobe kuɗi ne. Tun 2013 ta koma biyan wata-wata, kuma farashin yana bin dala. Na san yawancin abin da ke kwamfutocinmu kwafin da aka fasa ne, na Corel da na Adobe duka. Ban da haƙƙin masu kaya, akwai illa ta zahiri a wannan aiki namu: fasasshen kwafi ba ya sabuntuwa, haruffan Ajami kuwa sababbi ne a Unicode, kuma sauya harshen girkawar nan ta hanyar asusu na halas ake yin sa.

Wannan ya kawo ni ga manhajojin kyauta, waɗanda nake ganin an raina su fiye da kima. Inkscape da Scribus da LibreOffice duk suna jera haruffa da injin HarfBuzz, wanda shi ne ke cikin Chrome da wayoyin Android. Wato abin da ya sa Larabci ke fitowa daidai a wayarka shi ne ke aiki a cikinsu. Inkscape tana juya alƙibla, tana haɗa haruffa da kyau, kuma in kana cikin rubutu ka danna Ctrl+U, ka buga lambar harafi, ka danna Enter, sai ya fito. Rauninta launin ɗab’i: a tsarin launin allo take aiki, don haka ba ita ce za ta raba maka launi huɗu na fileti ba. Scribus ta cike wannan giɓi. Tana fitar da CMYK, wato launi huɗun nan, da PDF/X, wato PDF na maɗaba’a, ta samu rubutun dama zuwa hagu tun fitowa ta 1.5.3 da gudummawar masu shirya manhaja daga Oman, kuma tsayayyar fitowa ta 1.6 ta zo a farkon 2024. Ita ma tana gaya maka in harafi ya ɓace a fon. Ba ta da santsin InDesign, hannunka zai ɗan jima kafin ya saba, kuma ba za ka samu maƙwabcin da zai koya maka ba. Amma makarantar Islamiyya da ke son buga littafinta ba tare da bashin dala ba, nan zan tura ta.

Affinity tana da kyau da sauri, tana riƙe ƙ da Sirilik ba gardama, amma Publisher 2, manhajarta ta tsara littafi, ba ta san rubutun dama zuwa hagu ba. In Larabci na cikin abincinka, ka wuce ta sai ka gwada fitowar da ke hannunka da idonka.

Canva da ire-irenta na waya sun cancanci a yi musu adalci. Yaron da ya ce bai taɓa ganin akwati ba gaskiyarsa ne, amma ba don fon ɗin yana da harafin ba. Manhajar ce ke aro shi daga wani fon a ɓoye. Ka ƙara girman «Ƙungiyar Ɗalibai» ka duba da kyau: Ƙ da Ɗ sun fi sauran siranta, tsayinsu ya bambanta, kamar baƙi a cikin kalmar. A allon waya ba a lura. A bana mai faɗin ƙafa goma da aka rataya a Kawo, kowa zai gani. Larabci gajere yana fita lafiya a Canva, amma ɗora fon naka sai a asusun biya, wanda ke nufin Ajami na gaske ya fi ƙarfin asusun kyauta.

Ajami na gaske nake cewa, domin a nan ne ko gwanaye ke tuntuɓe. Fon ɗin Larabci da ke zuwa da kwamfuta na rubutun Gabas ne, irin na bugun Hafsu: fa da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf da biyu. Wanda ya tashi a tsangaya da ruwayar Warshu kuwa ya san fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, kuma a ƙarshen kalma ɗigon yakan faɗi, har da na nun. Ka zana wa alaramma katin sauka da fon ɗin Traditional Arabic, zai duba ya ce, «Malam, aikin ya yi kyau, amma wannan ba rubutunmu ba ne.» Kuma gaskiyarsa. Unicode ta ba waɗannan fa da ƙaf da nun na Afirka lambobinsu a 2016, wato 08BB da 08BC da 08BD, ta ƙara wasu haruffan da Hausa ke buƙata a 2020. Akwai kuma ɗigon imala na ƙasa da muke rubuta wasalin e da shi. Fon ɗin da suka san da waɗannan kaɗan ne. Alkalami na SIL an zana shi ne a kan rubutun Kano, mai kauri kamar na alƙalamin kara, ya dace da kanun kati da bango. Harmattan ya fi sauƙin karantawa a dogon rubutu, shi ma don Yammacin Afirka aka yi shi. In aikin na Larabcin Gabas ne, Amiri da Scheherazade New da Noto Naskh Arabic sun wadatar. Duk kyauta ne.

In ayar Alƙur’ani ce, kada ka buga da hannunka daga ka, kada kuma ka kwafo daga saƙon waya. Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur’ani da ke Madina tana da fon da nassi na Hafsu da na Warshu. Ko da su ka yi aiki, ka buga gwaji a takarda ka kai wa mahaddaci ya duba kafin a ƙona fileti. Wasali ɗaya da ya zame a nan ba irin kuskuren da ake ba da haƙuri a wuce ba ne.

Batun bugawa da kibod gajere ne. Windows tana da kibod na Hausa da na Larabci da na Rasha, ana ƙara su a saitin harshe, ana sauyawa da maɓallin Windows da Space. Na Rasha kala uku ne, kuma wanda ake kira Mnemonic ya fi mana sauƙi don yana bin sautin haruffan boko. Keyman, shi ma kyauta daga SIL, yana da na boko da na Ajami. Gboard yana da Hausa a waya. A Word, in ka buga 0199 ka danna Alt+X, ƙ zai fito. Abin da ke cizon masu zane shi ne kibod ɗin da ke fitar da harafi da Alt na dama: Windows tana ɗaukar sa a matsayin Ctrl da Alt tare, manhajojin zane kuma sun cika da gajerun hanyoyi a kan waɗannan biyun. Ka nemi harafi, wata taga ta buɗe. Ko ka cire wannan gajeriyar hanya a saiti, ko ka yi abin da ya fi sauƙi: buga rubutun a Word ko Notepad, a duba shi a can, sannan ka kwafo.

To wa zai ɗauki me? In aikinka kati ne da fosta da bana, Larabcin ciki bai wuce Bisimilla da addu’a ba, ka zauna a Corel, amma ka bar X3. Ka girka Noto, Charis, Alkalami, Harmattan da Amiri, ka ajiye Inkscape a gefe. Duk rubutun da Corel ta yi wa gardama, ka tsara shi a Inkscape ko LibreOffice, ka fitar da PDF, in za ka shigo da shi Corel ka zaɓi ya shigo a matsayin zane, ba rubutu ba. Wannan haɗin bai ci maka ko kwabo ba, kuma ya warware mafi yawan abin da ke zuwa shago. In littattafan addini da na makaranta ne sana’arka, kuma aikin yana biyan kuɗin wata, InDesign mai Larabci za ta mayar maka da kuɗinka ta lokacin da za ta rage maka. In bai biya ba, Scribus. In Sirilik ne ko ƙugiyoyin Hausa kaɗai damuwarka, kada ka sauya komai sai fon.

Ko wacce ka zaɓa, aikin yakan lalace ne a tsakanin kwamfutarka da ta mai bugawa. Corel in ta rasa fon takan kawo shawarar wani mai kama da shi, yaron da ke kan na’ura kuma yana sauri, zai danna amincewa, Alkalami ya koma Arial. Don haka ka riƙa ajiye fayil biyu. Ɗaya mai rubutu da rai, naka ne, don ranar da Alhaji zai kira ya ce an ɗaga ɗaurin auren zuwa wata Asabar. Ɗayan na maɗaba’a, wanda ka mayar da duk rubutunsa zane: Ctrl+Q a Corel, Shift+Ctrl+O a Illustrator, Shift+Ctrl+C a Inkscape. Littafi kuwa ba a mayar da shi zane, sai dai PDF/X da fon ɗin a cushe a ciki, kuma ka buɗe bayanan fayil ɗin ka tabbatar kowane fon an rubuta cewa yana ciki. Ka tura wa mai bugawa hoton aikin tare da fayil ɗin, ka ce masa ya gwada su gefe da gefe kafin ya kunna inji.